Cin Dare da Rage Ƙiba: Laifin Agogo ne ko na Kwano?

A wani zaman zubi da muka halarta kwanan baya a Maraɗi, bayan an rufe akwati, masu riƙon makulli kowace ta ɗaure nata a bakin zane, sai wata ƴar'uwarmu mai suyar awara ta kawo kukanta. Ciwon kai ya kai ta gidan likita, aka gwada ta aka tarar tansiyonta ya hau, aka ɗora ta kan sikeli, aka ce lalle sai ta rage jiki. Da ta dawo gida kowa ya zo da tasa shawarar, amma wadda aka fi nanata mata ita ce ta bar cin abinci da dare, wai duk lomar da ta shiga ciki bayan lisha kitse take zama. To ita kuwa ba ta sauke kaskonta sai ƙarfe 10 ta gota. Kafin ta tattara kaya, ta ƙirga ciniki, ta sami wurin zama, 11 ta yi. Shi ne take tambaya: ta riƙa kwana da yunwa ke nan, ko ta bar sana'ar da take zubi da ita?

Da fari dariya aka yi, sai kuma wurin ya yi tsit, don da yawa daga cikinmu haka darenmu yake. Akwai mai tuwo-tuwo a bakin tasha, akwai mai ƙosai da fanke, akwai wadda ba ta zuba abinci sai maigida ya dawo daga kasuwa ko majalisa, akwai wadda sai ta sallami yara da baƙi sannan ta kankare abin da ya rage a tukunya. Muka ɗauki alkawarin bin diddigin maganar, ga kuma abin da muka samo.

Kafin mu yi nisa, wannan magana ba ta kowa ba ce. A ƙasar nan mata da yawa ƙarin abinci suke bukata, musamman masu ciki, masu shayarwa da masu fama da ƙarancin jini. Kuma mun san jiki abin so ne a wajenmu: in amarya ko mai jego ta yi ɓul-ɓul sai a ce ana kula da ita, in ta rame sai a fara tsegumi. Har ta kai wasu na shan ƙwayoyin sa ƙiba na bakin kasuwa, alhali cikinsu akwai irin su dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya tada sukari, ya tada tansiyo. Da waɗanda ma'aikatan lafiya suka ce su rage nauyi muke magana, saboda tansiyo, ko ciwon sukari, ko gwiwoyin da suka fara kasa ɗaukar jiki.

Zubin safe da zubin yamma

Mu ƴan asusu ba za mu sha wahalar gane tushen maganar ba. Abinci yana ba jiki ƙarfi, ana auna ƙarfin da abin da ake kira kalori. Jiki na kashe wani wajen numfashi, bugun zuciya, tafiya da aiki. Abin da ya yi rara sai ya ajiye, ajiyar kuwa ita ce kitse. Idan zubi ya fi ɗauka, akwati cika yake, ko da safe aka zuba ko da yamma. Mai son akwatin kitse ya ragu, dole abin da ke fita ya ɗan fi abin da ke shiga, a kuma daɗe a haka.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 2022, a jami'ar Aberdeen ta ƙasar Birtaniya, an ɗauki mutum 30 masu ƙiba, masu binciken ne ke ba su duk abin da za su ci. Mako 4 ana ba su mafi yawan abincin da safe, su ci kaɗan da dare. Wani mako 4 kuma aka juya, kaɗan da safe, mai yawa da yamma. Yawan kalorin ɗaya ne. Da aka auna, nauyin da suka rage bai bambanta ba, kilo 3 da ɗan wani abu a kowane zagaye. A ƙasar Sin ma, a wannan shekarar, an fitar da sakamakon wani gwaji na shekara guda da mutum 139. Duka an rage masu abinci, amma rabinsu an ce su ci tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma kawai. Waɗannan sun rage kimanin kilo 8, sauran kuma kilo 6 da ɗoriya, tazarar da masu binciken suka ce ba ta kai a jingina ta ga lokacin cin ba.

Mu kanmu muna da namu gwajin duk shekara. A watan azumi, daga buɗa-baki zuwa sahur, duk cinmu na dare ne, wata guda cur. Da a ce dare kaɗai ke mai da abinci kitse, da kowa ya zo sallar idi da ƙarin jiki. Binciken da aka yi a ƙasashen Musulmi da dama ya nuna akasin haka: yawancin masu azumi kan rage kusan kilo ɗaya, sannan ya dawo cikin ƴan makonni bayan salla. Waɗanda ke ƙaruwa kuwa mun san su, mun kuma san faifan buɗa-bakinsu: ƙosai, fanke, soyayyen dankali, lemu mai sanyi, sannan a bi da tuwo.

Ke nan maganar cewa loma bayan lisha kitse ce kai tsaye, ba haka take ba. Sai dai masu faɗin ta ba su yi kuskure gaba ɗaya ba.

Jiki ma yana da agogonsa

Allah ya halicci jiki da tsarin lokaci a cikinsa, wanda ke bin haske da duhu. Shi ke sa barci ya zo da dare, shi ke tsara lokacin da wasu sinadarai ke hawa da sauka a cikin jini. Masana uku ƴan Amurka da suka gano yadda wannan agogo ke aiki sun sami kyautar Nobel a 2017. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi inda za a yi amfani da shi. Da safe jiki ya fi jin maganarsa, da dare kuwa ya fi nawa. Kwanon tuwo guda, in an ci shi da tsakar dare, ya fi tada sukarin jini kuma ya fi daɗewa bai sauka ba, a kan in da rana aka ci shi. Ga mai ciwon sukari, ko wadda ake da shi a danginsu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A wani asibiti na birnin Boston a Amurka, a 2022, an kwantar da mutum 16 masu ƙiba aka ba su abinci iri ɗaya, yawa ɗaya, sau biyu: karo ɗaya da wuri, karo ɗaya kuma aka jinkirta kowane ci da awa 4. A lokacin jinkirin sun fi jin yunwa, sinadarin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi ya ragu a jininsu, jikinsu kuma ya ƙona ƙasa da yadda ya saba da kimanin kalori 60 a wuni. Tun kafin wannan, a 2013, an bi mutum 420 masu neman rage ƙiba a Sifaniya tsawon mako 20. Su can babban cinsu na rana ne. Waɗanda ke cin sa kafin ƙarfe 3 sun rage kusan kilo 10, masu ci bayan 3 kuma ƙasa da kilo 8.

Mu dai yadda muka auna waɗannan sakamako, jinkirin ci yana da tasiri, amma a san girmansa. Kalori 60 ɗin nan rabin babban cokali ne na man gyaɗa, don cokali guda ya kai wajen kalori 120. Wato abin da dare ke ƙwace miki ta wannan hanya bai kai man da awara ƴan ƙwaya ke sha a kasko ba. Kuma gwaje-gwajen nan da mutane kaɗan aka yi wasunsu, a ƙasashen da ba tuwo da fura ake ci ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yunwa. Ko a gwajin Aberdeen, inda nauyi bai bambanta ba, masu cin mai yawa da safe sun ce sun fi jin ƙoshi duk wunin. A can masu bincike ne ke auna wa mutum abinci, ba ya iya ƙari. A gidajenmu kuwa tukunya na nan kusa, ludayi na hannunmu, babu mai hana mai yunwa ƙari.

Me ake ci da daren ma tukuna?

Nan ne maganar ta zo gida. Mu dubi wunin mace mai sana'a. Ta tashi da asuba, ta shirya yara, ta kurɓi koko a tsaye ko ma ta fita haka nan. Da rana, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, abinci ba ya shiga, sai ruwa da ɗan fura. La'asar ta yi, ana ta aikin kayan sana'a. Sai dare ya raba, iska ta ɗan kaɗa, sannan yunwar wuni guda ta taso gaba ɗaya. Wadda ta zauna gaban kwano a wannan hali ba ta san iyaka ba, kuma ba laifinta ba ne, haka jiki yake. Ga shi abin da ke kusa da hannu shi ne ragowar sana'a, wanda yawanci a mai aka soya shi.

Akwai kuma cin dare na biyu, wanda ba ma lissafa shi a abinci. An ci tuwo bayan magariba, an ƙoshi. Ƙarfe 10 maigida ya shigo da tsire ko balangu a takarda, ai ba a mai da hannun kyauta baya. Ana kallon fim a tele ko a waya, ana ɗan taɓa gyaɗa, ana ɗan taɓa cincin. Yara matasa sun ɗora shayi, na fari, na biyu, na uku, kowane da sukarinsa. Wata kuma sai ta dama fura ta zuba sukari, ko ta haɗa madara da burodi, don kada ta kwana ciki wayam, alhali cikin ba wayam yake ba. Kwalbar lemu ƙarama guda tana ɗauke da wajen giram 35 na sukari, kusan ƙwaya 7 ke nan na sukarin kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada sukarin da babba ke sha a wuni ya wuce kimanin giram 50, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Duk wannan ƙari ne a kan abincin wuni, ba madadinsa ba. Idan wata ta ce ta bar cin dare ta ga ta rage, gaskiya ta faɗa, sai dai yawanci wannan ƙarin ne ta yanke.

Sai barci. Wadda ta ci da 11 ta bi da shayi, da wuya ta runtsa kafin 12, kuma kiran asuba ba ya jiran kowa. Ƙarancin barci da kansa yana tada yunwa washegari, ya sa rai ya riƙa son zaƙi da maiƙo. A jami'ar Shikago, a 2010, an rage wa mutum 10 abinci, wani lokaci a bar su awa 8 da rabi a gado, wani lokaci awa 5 da rabi. Da barcin ya yi kaɗan, kitsen da suka zubar bai kai rabin na lokacin da suka ƙoshi da barci ba, sai naman jiki ne ya fi zubewa. Ga kuma ƙwannafi: kwanciya da cikakken ciki na sa ruwan ciki mai tsami ya hauro ƙirji, shi ya sa likitoci ke cewa a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin ci da kwanciya.

Wani abin lura, tsarin da iyayenmu na karkara suka saba da shi ya yi kusa da abin da masanan nan ke nunawa: tuwo bayan magariba, kwanciya ba da daɗewa ba bayan lisha, da safe a tashi da ɗumame mai riƙe ciki. Amma kada mu manta su suna daka, suna jan ruwa a rijiya, suna tafiya gona da ƙafa. Mu yanzu injin niƙa ya karɓi turmi, kabu-kabu ya karɓi tafiya, wannan kuwa ci gaba ne da ba mu fatan komawa bayansa. Sai dai kwanon bai ragu ba.

To mai awara fa?

Ba ta bukatar barin sana'a, ba ta kuma bukatar kwana da yunwa. Abin da muka ga ya fi dacewa da ita shi ne ta juya wuninta. Ta karya da abu mai riƙe ciki, ɗumame ko wake ko kunun gyaɗa marar sukari da yawa. Babban cinta kuma ta yi shi kafin ta fita, wajen la'asar ko gab da magariba, a zaune, ba a tsaye ba. Idan ta dawo da 11 tana jin yunwa, ta ci abu marar nauyi: nono ba sukari, dafaffen ƙwai, kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, ko ƴaƴan itacen da ake yayi. Ruwa kuma ta fara sha, don wadda ta wuni gaban wuta sau da yawa ƙishirwa ce take ɗauka yunwa.

Ragowar awarar ita ce babbar jarrabawa, don zubarwa almubazzaranci ne, kuma babu mai son ta ga kayanta sun lalace. Amma a yi lissafi. Idan kullum ta cinye ragowar dala ashirin, a wata jika uku ke nan, kuɗin da ya fi zubin wata na mata da yawa a ƙungiyoyinmu. Ko ta rage yawan waken da take jiƙawa, ko ta karya farashi in dare ya yi, ko ta ajiye wa yara su karya da ita. Tun da aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara na farko a jihar Maraɗi a 1991 ake koya mana raba jari da riba. Cin ragowar sana'a kullum, in an duba, jari ake taɓawa.

Wadda kuma jiran maigida ke sa ta kai dare, wannan sai da dabara da ladabi, kowace ta san gidanta. Wasu na cin nasu tare da yara bayan magariba, in ya dawo su zauna su taya shi hira da ɗan nono ko loma biyu. Wasu sun gaya masa abin da likita ya ce ƙarara, sai ga shi shi ma ya fara dawowa da wuri, don tumbin ba na mata kaɗai ba ne. Tsiren da ya shigo da shi kuma ba sai an cinye shi a daren ba. Gobe da rana in an ɗumama shi sosai yana nan da daɗinsa.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa abincin darensu ba sai sun yi shawara a gidan likita. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage sukari, in ta kwana ba ta ci ba sukarinta na iya faɗuwa cikin barci, kuma hakan na iya kisa. Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin rage jiki ba ne gare su. Mai goyo in ta ji yunwa ko ƙarfe 2 na dare ne ta ci. Haka mai gyambon ciki ta nemi shawara tukuna.

Shayin rage tumbi da ake tallatawa a WhatsApp kuwa, mu dai ba mu ba da shawarar a ci bashin asusu a saye shi ba. Da yawansu maganin sa zawo ko fitsari ne a ciki. Ruwa ne ke fita, sikeli ya nuna an ragu, bayan kwana biyu a koma inda ake, kuɗi sun tafi, mai tansiyo kuma ta jefa ƙodarta cikin haɗari.

Kada kuma a sa rai da abin mamaki cikin mako guda. Rage rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Ba sai an koma kamar budurwa ba: mai kilo 90 in ta rage 5 zuwa 9, tansiyo da sukari kan nuna sauƙi. Wadda ba ta da sikeli kusa, awon tela ya isa. A zagaya shi a ciki daidai saitin cibiya, in ya haura santimita 88 ga mace to kitsen ciki ya kai inda ake jin tsoro. Mai tansiyo ta haɗa da rage gishiri da dunƙulen magi, don abin da ake so a wuni bai kai ƙaramin cokali guda na gishiri ba, har da wanda ke cikin miya. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar, ita ma tana cikin magani.

A ƙungiyar da maganar ta taso, an tsai da cewa mai ɗinkin cikinsu za ta riƙa zuwa da awonta a zubin farko na kowane wata, wadda ke so a auna ta a gefe, sakatariya ta rubuta mata a bayan littafi, ba tare da an karanta a bainar jama'a ba. Mai awara ce ta fara miƙewa aka auna ta. Ta ce za ta gwada cin tuwonta kafin magariba har zuwa rabon asusu, amma shayi na biyu kam a bar mata shi tukuna.